Sikelin Kawu Bawa da Takardar Kabon

Duk wanda ya san Kawu Bawa, sikelinsa ya fara sani. Wani tsohon sikeli ne mai ƙugiya, fentinsa duk ya goge, kullum yana rataye a ƙahon babur ɗinsa tun daga unguwarmu Badariya har ƙofar aji, rani da damina. In ya sayi nama sai ya auna a gaban mahauci. Ba zargin mahaucin yake ba, so yake ya sake aunawa bayan matarsa Inna Tumba ta dafa, ya ga nawa wuta ta ci. Shekara talatin da wani abu tana girki yana tsaye a ƙofar madafa da ƙugiya a hannu. Wata rana ta gaji ta ce masa, "Malam, ni ma rataye ni, ka ga nawa na rage tun da anka kawo ni gidanga." Ko murmushi bai yi ba. Ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Ke ai riba anka ci."

Ni ce Kulu, 'yar ƙanwarsa, ɗalibarsa, kuma ni nake koyar da darasin da ya bari a sashen akanta, wato yadda ake ƙiyasta abin da kaya ko aiki zai ci, da yadda ake hasashen abin da zai lalace tun bai lalace ba. Ku tsofaffin ɗalibansa kun matsa mini in rubuta wani abu na tunawa da shi. Zan rubuta, amma ku yi haƙuri, da fushi nake rubutawa. Na jira raina ya huce, na ga ba shi da niyya. Fushin a kan littattafansa na awo ne, guda ashirin da bakwai, waɗanda kowannenku ya taɓa riƙewa a gona ko a bakin gulbi yana zufa. A cikinsu ya tara awon shekara da shekaru na albasa da shinkafa da kifi, kuma in babu su darasin nan ba shi da ƙafa. Zan zo kansu, bari in fara da mai su.

Kun tuna ranar farko a ajinsa. Ba ya dogon gaisuwa. Zai sa a shigo da rabin buhun albasar Augie, ya rataya a sikeli, ya rubuta nauyin a allo da kuɗin da aka saye shi, ya juyo ya ce, "Nawa kilo guda ya tsaya muna?" Lissafin 'yan firamare, kowa ya raba ya ɗaga hannu yana jin kansa. Sai ya ce, "Madalla. Ku riƙe amsarku, mu gamu bayan wata uku." Daga nan a kai buhun bayan ƙofar ofishinsa a jingine.

A shekarar ajinmu zafi ya yi yawa. Kafin sati shida duk barandar sashe ta ɗauka. Malamin da suke ofis ɗaya ya kwashe kujerarsa ya koma ƙarƙashin dogonyaro, can yake duba takardun ɗalibai. Shugaban sashe na lokacin ya aiko tsohon masinjanmu, Baba Ango, a ce wa Malam Bawa ya fitar da abin da ke wari. Kawu ya ce, "Koma ka ce mishi ba wari ba na, darasi na, kuma bai nuna ba tukuna."

Ranar da wata uku ya cika aka zazzage buhun a gaban allo. Mu 'yan gayu da lalle a hannu aka sa mu ware ruɓaɓɓu gefe, masu tsiro gefe, ɓawo gefe. Ya auna mai kyan, ya sake tambaya nawa kilo ya tsaya mana. Babu wanda amsarsa ta farko ta rayu. A nan ne ya faɗi maganar da na san har yanzu wasunku suna faɗa wa ma'aikatansu kamar su suka ƙirƙiro ta.

Ya ce, "Asara iri biyu ta. Akwai ta gado. Albasa ta sha iska ta rame, shansherar shinkahwa ta zub da ɓuntu, kihi ya sha hayaƙi ya ƙanƙance. Wagga ba a yi mata kuka, lissahinta aka yi tun ba ta zo ba, a aza ta bisa kuɗɗin kaya. Akwai kuma ta sakaci. Rumhwa na yoyo ba a gyara ba, an bar buhu bisa ƙasa mai laima. Wagga tana da suna, kuma sunan mutum na. In kunka haɗa su wuri guda, kun ɓoye ɓarawo cikin ƙaddara."

Matsalar Kawu ita ce bai san inda aji ya ƙare gida ya fara ba. A bikina mahaifiyata ta ce mudu arba'in na shinkafa za a dafa ranar wuni. Ya tambayi gida nawa aka gayyata, ya ɗan motsa baki, ya ce ashirin da biyar sun isa. Ta ce, "Yaya, buki na, ba jarrabawa ba." Ta dafa arba'in ɗinta. Da la'asar, dangin ango suna zaune an cika tsakar gida, sai ga Kawu ya yi sallama ya kutso cikin mata da babbar riga, bokitai biyu da sikeli. Ya bi farantai da tukwane yana kankare saura, ya auna, ya yi lissafinsa a tafin hannu, ya sa a kira masa ƙanwarsa. A gaban gwaggon ango ya ce mata, "Ki gahwarce ni, na yi kuskure. Na ce mudu sha biyat za su zube, sha huɗu sunka zube." Ni ina ɗaki a lulluɓe ina roƙon ƙasa ta tsage. Mahaifiyata ta yi wata biyu ba ta gaishe shi, shi kuwa ya sa aka shanya shinkafar, kajin Inna Tumba suka yi bikinsu.

Sai fita awo. Kowane zango sai ya kwashe mu zuwa Augie wurin Alhaji Namadina, mai rudu fiye da goma, rumfunan karan nan da ake jibge albasa a ciki ta jira tsada. Daga nan Argungu, wurin mata masu turara shinkafa da wurin Gwaggo Ige mai bandar kifi. Duk awon da aka yi a littafi ake rubuta shi, da takardar kabon a ƙarƙashi, a yage kwafin ƙasa a miƙa wa mai kaya. Kabon ɗaya Kawu zai yi ta amfani da shi har ya koma kamar ganyen da tsutsa ta ci. In ka ce a sayi sabo ya ce, "Da sauran rai gare shi, danna biro." Muna ta gunaguni, me Alhaji zai yi da takardar boko, mutumin da ajami yake karantawa, me Gwaggo za ta yi da ita ban da hura wuta. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Kayansu na anka auna. Ba su takardarsu."

A wurin Gwaggo Ige ne aka kunyata gwanin ajinmu. Ba zan faɗi sunansa ba, yanzu babban mutum ne, kuma na san yana karanta wannan. Kawu ya auna kwandon ɗanyen tarwaɗa ya ce kowa ya faɗi abin da zai rage bayan banda. Gwanin namu ya fito da kalkuleta, ya buɗe littafin turawa, ya yi ta danne-danne, ya kawo amsa har da ɗigo da lamba biyu a bayansa. Gwaggo tana zaune tana gyara wuta. Kawu ya ce, "Gwaggo, ke hwa?" Ta ɗaga kwandon da hannu ɗaya, ta latsa cikin kifi biyu, ta ce, "Wanga na bayan ruwa na, kitse gare shi. Kashi ukku za ka yi, biyu na hayaƙi, guda naka, da ɗan ƙari kaɗan." Washegari aka dawo aka auna. Sikeli ya tsaya inda Gwaggo ta ce.

Da aka liƙa sakamakon gwajin a allo sai ga suna na arba'in da ɗaya a ajin mutum arba'in: Ige, Argungu, goma bisa goma. Jami'in jarrabawa ya zo yana kumfar baki, wai ba ta da lambar ɗalibi. Kawu ya ce, "To ba ta. Ta hi mai lambar sani."

Haka aka yi ta tafiya har aka kawo mana sabon shugaban sashe. Dakta za mu ce masa, mai kwat ko a tsakiyar bazara. A taronsa na farko ya ce fita awo ɓata lokaci ne da man mota, littafin da aka amince da shi yana da misalai isassu. Misalan kuwa na masana'antar ƙera kusoshin mota ne a wata ƙasa mai ƙanƙara. Lokacin na fara koyarwa, ina zaune a kujerar baya.

Kawu ya ce, "Dakta, cikin ɗiyanga wa taɓa ganin inda aka ƙera kusar mota? Amma kowane ubanai ya taɓa buɗe rudu ya riƙe kai."

Dakta ya ce, "Malam Bawa, nan makaranta ce, ba kasuwar albasa ba. Zamani ya wuce sikeli."

Kawu ya jira har aka zo tashi. Sai ya miƙe, ya bi tebur ya tattara robobin ruwan da aka raba, kowacce an sha rabi an bar rabi, ya zuba a leda ya rataya a sikeli. Ya ce wa sakatare, "Rubuta cikin bayanin taro. Mutum sha biyu, awa ukku, ruwa rabi ya zube, shawara ko guda ba a yanke ba. Ka rubuta wagga ba ta gado ba ta." Kowa ya yi dariya ban da mutum ɗaya, kuma mutum ɗayan nan shi ke sa hannu a takardar mota.

Daga ranar ba a sake ba shi motar makaranta ba. Ya koma kwasar ɗalibai ranar Asabar a motar haya, shekara biyu, ba wanda ya ce masa sannu. Da ritayarsa ta zo, ya ɗauko kwali zai kwashe littattafan awonsa, Dakta ya aiko a ce masa littattafan daga sito aka ba shi su, da hatimin makaranta a bangonsu, don haka kayan makaranta ne. Aka zuba su a kabad aka kulle. Na zaci ranar za a ji mu har bakin titi. Mutumin da ya yi faɗa a kan ruɓaɓɓiyar albasa, sai ga shi ya ɗauki sikelinsa da guntun kabon ɗinsa ya hau babur. Na bi shi ina huci, ya ce, "Bar su, Kulu." Na yi fushi da shi ƙwarai a ranar. Na ce a raina tsufa ya karya shi.

Bai yi shekara uku da ritaya ba ciwo ya kwantar da shi. Ya yi ta ramewa. Duk Juma'a sai ya sa an ɗora shi a sikelin asibiti, ya rubuta a ɗan littafi, ya ja layi da rula. Wata Juma'a na karɓi littafin na ga yadda lambobin ke gangarowa, hawaye suka ƙwace mini. Ya ce, "Mi na na na kuka? Wagga ta gado ta. Na yi lissahinta tun tuni." Bayan kaka ya rasu, ranar Talata, da hantsi.

To, yanzu ku saurari abin da ya hana ni hucewa.

Dakta ya zo ta'aziyya da tawaga, motar makarantar nan da aka hana Kawu ita ta kawo su. Ya yi jawabi mai tsawo a ƙofar gida, ya ce an yi rashin ginshiƙi. Aka wanke hoton Kawu babba aka rataye a barandar da albasarsa ta taɓa cikawa da wari. Na ce to, tunda zukata sun yi laushi, bari in nemi littattafan in koyar da su. Na rubuta takarda sau uku. Sau uku ana ce mini ana dubawa. Da aka dawo hutu na je na tarar babu kabad, an mayar da ɗakin ma'ajiyar batura. Na nemi Baba Ango, na same shi yana ta goge tebur ɗin da ba shi da ƙura. Ya ce an ba da umarni a share ɗakin, an haɗa komai da tsofaffin takardun jarrabawa an sayar wa masu sayen takarda, mota ta zo ta kwashe tun sati uku.

Ban san abin da ya sa na yi tambayar ba, jinin Kawu ne ya motsa. Na ce, "Baba, kilo nawa?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, ba a auna ba. Ido anka yi."

Wannan ita ce na kasa yafewa har yau. Mutumin da ya auna naman miyarsa, ya auna shinkafar bikina, ya auna jikinsa yana mutuwa, aikinsa na shekara talatin aka sayar da ido, ko darajar ƙugiya bai samu ba.

Na shiga ofishin Dakta ba sallamar kirki. Ya ce kuskure ne, irin wannan yana faruwa a ko'ina, sai haƙuri, ƙaddara ce. Na ce, "Dakta, mai hoton da kunka rataye ya koya muna asara iri biyu ta. Wagga tana da suna, kuma ina kallon mai shi." Washegari aka kawo mini takardar tuhuma ta rashin ladabi. Tana nan na ajiye, ban amsa ba, kuma ba na jin zan amsa.

Daga ofishin gidan Inna Tumba na wuce, na zauna a tabarmarta na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Tana tsintar shinkafa ba ta ko ɗago ba. Da na gama ta ce, "Ke dai ba ki san kawunki ba. Ya ce in kin zaka da kuka bisa littattahai in ba ki wanga, in ce miki mai hankali ba shi zuba albasa tai rudu guda." Ta miƙo mini sikelin a leda. Ta ce, "Tahi Augie."

Ranar Asabar na je. Alhaji Namadina ya tsufa, sai da sanda. Da ya ji ko ni wace ce bai tambayi abin da ya kawo ni ba, ya sa aka jawo wata akwatin ƙarfe daga ɗakinsa. Takardun kabon ne, damin kowace shekara daban an ɗaure da zare, a bayan kowacce ya ƙara nasa da ajami: shekarar da ruwa ya yi wuri, shekarar da tsutsa ta shiga. Ya ce, "Ko bayan da ya bar aiki, kowace kaka sai ya zaka ya buɗe ya duba ko gara ta shiga. In ce Malam zamna ka sha hura, ya ce sai ya gama duba ajiya." A Argungu mata masu turara shinkafa suka fito da nasu daga cikin kwalla. Gwaggo Ige ta jawo langa daga ƙarƙashin gado, takardun duk sun yi ja suna ƙamshin hayaƙi. Ta ce na wasu shekaru ruwa ya tafi da su lokacin da gulbi ya shigo gari, in yi haƙuri.

A saman nata akwai wata takarda daban da rubutun Kawu, ba ta kabon ba, wadda ya bar mata a zuwansa na ƙarshe. Layi uku ne. Littafi ashirin da bakwai. Na hannun makaranta, duka za su tafi. Na hannun masu kaya, kashi ɗaya cikin biyar zai tafi, gara da ruwa.

Na kwaso komai na baje a tsakar ɗakina, sati biyu ina jerawa shekara-shekara. Abin da ya tsira ya kai littafi ashirin da biyu. Na yi lissafi, Kawu ya yi kuskure da kusan rabin littafi, kuma na san da yana nan da ya zo har gida ya nemi gafara.

Amma ga aiki a gabanmu, kuma dalilin da ya sa na yarda na rubuta muku wannan ke nan. Rabin takardun ba sa karantuwa sai an kai su rana an ƙanƙance ido, saboda wani bawan Allah ya ƙi sayen sabon kabon shekara talatin. Kawu, Allah Ya jiƙanka, da ka saurare mu sau ɗaya. Duk wanda ya san rubutun hannunsa yana cikin takardun nan, ya zo gidana a Badariya ranar Asabar ya kwafe nasa, har da mai kalkuleta. Zangon nan kuma da motar haya zan kai ɗalibaina Augie, rabin buhun albasa yana bayan ƙofar ofishina tun sati biyu, barandar ta fara ɗauka. Sikelin yana rataye a ƙusa ƙarƙashin hotonsa, ina jiran wanda zai aiko a ce in fitar da abin da ke wari.

Ya Allah, bawanKa Bawa bai taɓa tauye mudu ba, bai taɓa ɗora wa ƙaddara laifin mutum ba. Ranar da za a aza ayyuka a kan mizani, Ka nauyaya nasa. Abin da ya gaza a kai Ka yafe masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka ba Inna Tumba haƙurin girki ba kowa a ƙofar madafa. Amin.